Hurumin Ido

Shekara talatin ina dukanci a Birni,
kafar allura ba ta taɓa ɓuya mini ba.
Sai wata Alhamis, ana shirin kasuwar Dole,
idona na hagu ya tashi ja wur
kamar fatar akuya da ta kwana a karan dafi.
Rana ta zama barkono.
Na sa kwalli, na sa zuma,
maƙwabci ya ce a nemo nonon mai jego.
Kowa da maganinsa, ido da wutarsa.

Kwana shida, Barira ta gaji da gardamata,
ta tsai da kabu-kabu, ta ce, "Baba, hau."

Likita Fasuma ta kashe fitilar ɗaki,
ta ɗora haɓata kan ƙarfe mai sanyi,
ta zura haske siriri kamar tsinken tsintsiya.
Ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Malam Mutari, ba haki ba ne, ba ƙwaro ba.
Mayaƙanka ne suka faɗa gidan da aka hana su."

Na ce, ni baduku, ina na ga mayaƙa?

Ta ce, "Ran da basilla ta soke ka a yatsa,
wa ya kawo zafin nan, da kumburi, da mugunya?
Su ne. Suna cin yaƙi, su bar tabo.
Tabo a yatsa labari ne,
tabo a ido kuwa dare ne.
Shi ya sa ido hurumi ne.
Can ciki akwai ruwa, ba hawaye ba,
hawaye na tsakar gida ne, wannan na ɗaka,
bai cika cokalin shayi ba,
yana ɓuɓɓuga yana ficewa dare da rana."

Na yi dariya har idon ya sare ni.
A Damagaram, inda famfo kan yi kwana uku bai yi tari ba,
inda mai ga-ruwa ya fi maiunguwa farin jini,
ashe ina yawo da marmaro biyu a fuska.

"A ruwan nan," in ji ta, "akwai ƴan aike,
ƙanana, kamar duwatsun wuya a zare guda.
Feftid muke ce musu.
Wani dutsensa goma sha uku kacal.
Su ke tsayuwa a bakin zaure,
in mayaƙi ya taho da gudu
su ce, sannu, ajiye mashi, nan ba a ɗaga murya.
Wani ma, in ya ji maganarsu,
sai ya juya ya zama mai rabon faɗa."

Ta kama bayan hannuna ta nuna mini.
"Mai goma sha ukun nan,
shi ke ce wa fata ta ƙara baƙi."

Marini ke nan, ɗan'uwana a sana'a!
A waje yana rini, a ciki yana sulhu,
shekara hamsin da takwas ban taɓa gaishe shi ba.

Me ya sa nawa suka kasa? Ta ɗaga kafaɗa.
"Wani lokaci hayaniya kan fi ƙarfin mai ba da haƙuri.
Ba duka muka sani ba."
Ta rubuta kwalba biyu:
ɗaya ta kwantar da tarzoma,
ɗaya ta buɗe ƙwayar ido kada ta manne.
Aron masu sulhu daga kanti,
kafin na gida su maido muryarsu.

Barira ta sa wa salula ƙararrawa.
Ɗigo da asuba, ɗigo da hantsi,
ɗaci na gangarowa har maƙogwaro.
Mako biyar ina zaune a inuwa,
alabai goma sha biyu na jiran baki.

Yau na fito rumfa.
Duwatsun Birni sun dawo da gefensu,
ungulu a kansu ungulu ce, ba tabon hayaƙi ba.
Na lashi zare, na ɗaga allura sama.
Na farko ya goce. Na biyu ma.
Na uku ya shige.

Basilla ta sake cizon yatsana da la'asar.
Na dubi jan da ke taruwa a wurin,
na ce, ku yi aikinku a nan, samari,
sama kuwa akwai dattawa.